Yadda Ake Haɗa Littafin Zane na Jarumta da Tarihi, Daga Rubutu Zuwa Ɗab'i

Tambaya ɗaya ake ta yi min ta fuskoki daban-daban. Wani ya ce yana da labarin yaƙi a kansa, ya ga yadda ake fitar da labari cikin zane a wasu ƙasashe, yana so ya yi nasa da Hausa amma bai san ta inda zai kama ba. Wata ta ce ta iya zane tun tana sakandare, sai dai duk labarin da ta fara a shafi na biyar yake mutuwa. Wani kuma kuɗin ɗab'i kawai yake son ji. Amsarsu duka tana cikin jerin aikin, wato me ake fara yi, me ake bari sai daga baya. Yawancin waɗanda suka fara suka watsar, fensir suka ɗauka tun kafin su san shafi nawa littafin zai ci.

Zan yi misali da littafi guda tun daga farko har ƙarshe: shafi 24, girman A5, ciki baƙi da fari, bango mai launi. Labarin kuwa na wani yaro ne da na ƙirƙira, Ɗanjuma, mai kora jakuna a ayarin fatake masu zuwa Gwanja sayo goro. Wanda labarinsa na dodanni da aljanu ne, ko na barkwanci zalla, matakan ba su canza ba, sai a wuraren da zan nuna.

1. Yanke labarin ya shiga shafi 24

Littafin da ake naɗewa a tsakiya a buga masa fil, dole adadin shafukansa ya rabu gida huɗu daidai: 16, 20, 24, 28, 32. Dalili shi ne takardar A4 ɗaya idan aka naɗe ta biyu tana ba da shafi huɗu na A5. Shafi 24 takarda shida ke nan. Idan labarinka ya ƙare a shafi na 25, ka jawo wa kanka takarda ta bakwai a kowane kwafi, da shafi uku da ba ka san abin da za ka zuba musu ba.

A cikin 24 ɗin, ware na farko don suna da bayanin marubuci da mai zane, na ƙarshe don sanarwar fitowa ta gaba. Saura 22 na labari. Idan kowane shafi yana ɗauke da akwati biyar, wato hotuna biyar kowanne a cikin nasa layin da ya kewaye shi, kana da akwati 110. Iyakar filinka ke nan, kuma ba shi da yawa. Ba zai ɗauki tarihin daula daga kafuwarta zuwa rushewarta ba. Zai ɗauki mutum ɗaya, buƙata ɗaya, da abin da ya tare masa hanya.

Ka gwada faɗin labarin a jimla biyu. Nawa ga shi: madugu ya damƙa wa Ɗanjuma wata wasiƙa ya ɓoye a cikin layar wuyansa har Salaga ta ƙasar Gwanja, a mashigar kogin Kwara layar ta ɓace, kuma wanda ya ɗauke ta yana cikin ayarin. Idan naka ya ƙi shiga jimla biyu, labari biyu ne ko uku suka cakuɗe, ka zare ɗaya ka ajiye sauran.

Hattara: kada ka buɗe da shafi uku na bayanin asalin gari da jerin sarakuna. Mai karatu a waya ba ya jira. Ka fara da abu yana faruwa, tarihin ya riƙa shigowa ta bakin mutane da ta abin da ke bayansu a zane.

2. Bincika abin da ido zai gani

Nan ne aikin ya bambanta da rubutun zube. Marubucin zube zai ce "suka sauka a zango" ya wuce abinsa. Mai zane kuwa sai ya san da me aka yi bukkokin, ina aka ɗaure dabbobi, wace irin tukunya ce a kan murhu. Don haka bincikenka na kaya ne: tufafi, makamai, gini, abinci, kuɗi, abin hawa.

Fara da tsayar da lokaci. Labarin Ɗanjuma na sa shi kafin 1892, shekarar da yaƙin basasa ya tarwatsa kasuwar Salaga da ke arewacin Gana ta yau. Da na tsayar da wannan, sauran abubuwa suka biyo baya da kansu. Ayari yana da madugu, da jagaba a gaba, da uban dawaki. Kaya a kan jakuna da takarkarai da kawunan mutane. Ana tafiya da kanwa da turkuɗi da kayan fata, a dawo da huhun goro. Hanya tana tsallake Kwara, ta ratsa ƙasar Bargu ta Nikki da Jugu. Ciniki da kuɗin wuri ake yi. Kuma Salaga kasuwar bayi ce kamar yadda take kasuwar goro. Wanda ya zana ta fes ba ko mutum ɗaya a ɗaure ya yi wa mai karatu ƙarya.

Idan labarinka na yaƙi ne, tsohon kundin tarihin sarakunan Kano zai taimaka maka wajen sanin me ya riga me. A cikinsa an ce zamanin Sarki Kanajeji, wajen 1390 zuwa 1410, aka fara lifidi da sulke da kwalkwali. Kuɗin wuri sai zamanin Sharefa, a farkon ƙarni na 18, an kuma ambaci shigo da bindigogi a zamanin Kumbari da ya gaje shi. Ke nan wanda ya zana dakarun Muhammadu Rumfa, da ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, riƙe da bindigogi ya yi kuskuren zamani.

Wuraren da za ka je da waya ka ɗauki hoto: Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a Kano, marinar Ƙofar Mata, lungunan Kurmi, rijiyar Kusugu a Daura, kufan Surame, tsohuwar unguwar Birni a Damagaram. Arewa House da gidan adana takardun tarihi na ƙasa, duka a Kaduna suke, ga mai neman takardu da tsofaffin hotuna. Hawan sallah kuwa makaranta ce kyauta: can za ka ga yadda lifidi ke zama a jikin doki, yadda ƙafa ke shiga likkafa, yadda amawali ke rufe baki. Ka nemi izini kafin ka ɗauki hoto a gidan tarihi, wasu suna karɓar ɗan kuɗi a kan kyamara.

Ka buɗe jaka ɗaya a waya ko kwamfuta, ka raba hotunan: mutane, dabbobi, gini, makamai, kayan gida. A gini ka kula da zanko da indararo da azara da yadda ƙofar zaure take. Abubuwan da suka fi kutsowa cikin zane ba a sani ba su ne rufin kwano, butar roba, kofin shayi, takalmin silifa da hular da yayinta bai fi shekara talatin ba.

Hattara: sarakuna da malaman da suka rayu da gaske suna da jikoki, wasu na kan gadon sarauta a yau. Ka sa gwarzonka ya zama ƙirƙirarre, mutanen tarihi su gifta daga nesa ko a ji labarinsu a baki. Kada ka sa wa mutumin gaske maganar da ba ka da hujjar ya faɗa. Annabawa da sahabbai ba a zana su, wannan ba ya buƙatar dogon bayani. Ni ko Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ba zan ba da shawarar a zana fuskarsa ba.

Mai labarin almara yana da sauƙi a nan, amma ba a sake masa linzami gaba ɗaya ba. Idan dodonka yana tsoron ƙarfe a shafi na 4, kada ya haɗiye takobi a shafi na 19. Ka rubuta dokokin duniyar taka a takarda ɗaya: me sihiri ke iya yi, me ba ya iyawa, me ake biya kafin ya ci.

3. Rubuta shi shafi-shafi, akwati-akwati

Ko kai ne za ka zana da hannunka, sai ka rubuta. Tsarin mai sauƙi ne: lambar shafi, lambar akwati, abin da ake gani, sannan abin da ake faɗa. Ga shafi na 7 na labarin Ɗanjuma:

Akwati na 1. Gaɓar Kwara da asuba, daga nesa. Jaki ya toge ya ƙi shiga kwale-kwale, ayari ya taru a baya.
Madugu: Kai Ɗanjuma, ja mana dabbar nan, rana za ta yi mana a nan!

Akwati na 2. Ɗanjuma yana jan igiya, dugadugansa sun nutse a taɓo.
Ɗanjuma: Baba Madugu, ya ƙi fa. Anya bai ga wani abu ba?

Akwati na 3. Idon jakin kaɗai, ya cika akwatin. Ba magana.

Akwati na 4. Ruwa ya motsa a gefen kwale-kwalen, ƙananan kunnuwa biyu sun ɓullo.
Sauti: BUL!

Dorinar mai kunnuwan nan ba ta fito a wannan shafin ba, kuma da gangan ne. A littafin boko, shafi mai lambar mara, wato 1, 3, 5, 7, yana hannun dama, daga shi sai a juya takarda. Duk abin mamaki ka ajiye shi a shafi mai lambar cika da ke bayansa, ka bar tambaya a akwatin ƙarshe na shafin dama. Idan ka sa dorinar a shafi na 7, ido zai hango ta tun mai karatu yana kan na 6. Wanda zai rubuta da ajami sai ya juya komai, har da jerin akwatunan, su tashi daga dama zuwa hagu.

Akwati ɗaya, motsi ɗaya. Ba za a iya zana "ya zare takobi ya sare shi ya mayar kube" a hoto guda ba, akwati uku ne wannan, ko ka zaɓi wanda ya fi ƙarfi ka bar mai karatu ya cike sauran. Magana kuma kada ta wuce kalma ashirin zuwa ashirin da biyar a balan-balan ɗaya, wato da'irar da ake rubuta maganar mutum a ciki, balan-balan biyu ko uku a akwati. Gaisuwarmu doguwa ce, kuma da daɗi, amma idan aka bi ta daga "ina kwana" har "ina labari" ta cinye rabin shafi. A ɗauki ɗaya a bar saura.

Ka kula da yadda mutane ke kiran juna. Yaro ba ya kiran madugu da sunansa. Bafade yana cewa "ranka ya daɗe", maroƙi yana shigowa da kirari, tsohuwa tana ce wa yaro "ɗan nan". Waɗannan su ne ke sa mai karatu ya ji muryoyi daban-daban ko bai duba wa ke magana ba.

Inda Hausa ta fi ba mai littafin zane gata shi ne sauti. Ba ka da buƙatar aro. Faɗuwa tim, mari tas, faɗawa ruwa tsundum, tashi zumbur, tsayawa cak, wucewa fuu, cafka caraf. Ka rubuta su da manyan haruffa a cikin zanen kansa.

Ga masu barkwanci: abin dariyar ya zo a akwatin ƙarshe, kuma sau da yawa akwati ɗaya na shiru kafin shi yana ninka dariyar. Wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, Kanawa da Zage-zagi, Katsinawa da Nufawa, ko Gobirawa da Yarabawa taska ce, amma a baki ake yin sa tsakanin mutum biyu da suka san dokarsa. A takarda kowa ke karantawa. Ka bar kowane ɓangare ya rama, kuma kada a mayar da naƙasa ko siffar wata ƙabila abin dariya.

Idan ka gama, ka karanta maganganun da ƙarfi a gaban mutum biyu. Duk inda harshenka ya harɗe, gyara.

4. Haɗa littafin gwaji

Ɗauki takardar A4 shida, naɗe su tare a tsakiya, sa lamba 1 zuwa 24. A kowane shafi ja akwatunan da fensir, ka zana mutane da ƙwallo da sanda kawai, ka zagaye inda balan-balan zai zauna, ka rubuta maganar a ciki da hannu. Wannan aikin yini ɗaya ne ko biyu, kuma shi ne matakin da aka fi tsallakewa.

Abin da kake nema a nan: shin ido yana bin akwatunan daidai, daga hagu zuwa dama, daga sama zuwa ƙasa? Wanda ya fara magana yana hagu? Idan yana dama, jelar balan-balan ɗinsa za ta gitta ta ɗayan, mai karatu ya karanta amsa kafin tambaya. Akwai shafin da magana ta cika har ba wurin fuska? Miƙa wa wanda bai san labarin ba, kada ka yi masa bayani, ka zuba ido ka ga inda zai koma baya. Wurin nan akwai matsala. Gyaransa yanzu magogi kawai zai ci. Bayan an bi da tawada, sabon shafi ne da sabon kuɗi.

5. Daidaita da mai zane, a tsayar da fuskoki

Idan ba kai ke zane ba, nemi mai zane a sashen zane-zane na jami'a ko kwalejin ilimi, ko cikin matasan da ke sa aikinsu a Instagram da Facebook. Kada kyan hoton fuska guda ya ruɗe ka. Wanda ya iya kwaikwayon hoton mutum daban, wanda zai zana yaro ɗaya sau ɗari yana gudu, yana kuka, yana waiwaye, a gane shi ne, daban. Ba shi shafi ɗaya daga rubutunka ya gwada, ka biya shi kuɗin gwajin.

A rubuta yarjejeniya ko da rabin shafi ce, kowa ya sa hannu gaban shaida. Ta ƙunshi kuɗin kowane shafi, kuɗin bango daban, sau nawa za a yi gyara kyauta, ranar miƙa aiki, wa ya mallaki taurarin labarin, wa zai riƙe asalin takardun zanen, da yadda za a raba idan an sake bugawa. Biya kashi-kashi: wani abu a fara, wani bayan fensir, ciko bayan tawada. Sunan mai zane ya fito a bango daidai da na marubuci.

Kafin shafi na 1, a zana kowane babban tauraro a takarda guda: gaba, gefe, baya, fushi, dariya, tsoro. A jera su a ga wa ya fi wa tsawo. A labarin da maza goma ke sanye da babbar riga da rawani, dole kowa ya sami alamar da za a gane shi daga nesa: wannan malfa, wancan gemu mai tsini, wancan tsage a kumatu, Ɗanjuma kuma warki da laya. Gwajin shi ne a cike siffar da baƙi gaba ɗaya. Idan har yanzu ana gane wane ne, ta yi.

Hattara: tsage yana nuna asali. Kada a zana wa Bagobiri tsagen wata ƙasa don kawai ya yi kyau.

6. Fensir, sannan tawada

A takarda kana buƙatar farar takarda mai kauri girman A4, fensir HB ko 2H, magogi mai laushi, rula, alƙaluman zane masu tawadar da ruwa ba ya narkarwa a kauri uku kamar 0.1 da 0.3 da 0.8, da maka ko buroshi don cike baƙi. Ana zane a A4 a rage zuwa A5, wato kusan kashi 71 cikin ɗari na girmansa. Ragewar tana ɓoye rawar hannu, amma tana kashe layin da ya cika siriri, don haka kada a yi rowar kauri.

A waya ko tabilet, ibisPaint X da MediBang Paint suna da sigar kyauta, Krita kyauta ce a kwamfuta, Clip Studio Paint kuma ta kuɗi ce. Buɗe shafi a 300 dpi, wato ɗigo 300 a kowane inci. A5 milimita 148 ne da 210; a ƙara milimita 3 ta kowane gefe saboda yanka, ya zama 154 da 216, kimanin fiksel 1819 da 2551. Fensir a leya ɗaya, wato shimfiɗa ɗaya ta zane a cikin manhajar, tawada a wata, rubutu a wata. Duk abu mai muhimmanci, musamman magana, ya nisanci bakin takarda da aƙalla milimita 5.

Jerin aikin: a gama fensirin duka shafuka 22, marubuci ya duba ya amince, sannan a taɓa tawada. Wanda ke gama shafi ɗaya tsaf kafin ya shiga na biyu, zai tarar fuskar gwarzonsa ta shafi na 20 ba ta san ta shafi na 2 ba. A bar wurin balan-balan tun a fensir.

Hattara: biro ba ya fita da kyau a sikana, yana ƙyalli kuma baƙinsa ba ya kaiwa. Kada a goge fensir sai tawada ta bushe sarai. Inuwa mai toka-toka tana daƙunewa a injin fotokwafi, a yi inuwa da jerin layuka. Baƙi mai faɗi kuma yakan fito dabbare-dabbare a ƙananan injuna, saboda haka daren da ke labarinka kada ya zama shafi guda baƙi ƙirin.

Idan a takarda aka yi, a kai shagon kwamfuta a ɗauka da sikana a 600 dpi in zai yiwu, in ba haka ba 300. Ɗauka da waya mafita ce ta dole: a inuwa da rana, wayar tana kallon takardar kai tsaye ba a karkace ba. Kuma kowane dare a tura aikin ranar zuwa imel ko Google Drive. Waya tana faɗawa ruwa, ana kuma sace ta.

7. Zuba haruffa

A nan littattafan Hausa da yawa ke jin kunya. Yawancin samfuran haruffan da aka yi don littafin zane ba su da ɓ, ɗ, ƙ, balle manyansu. Sai ka ga an buga ƙaramin akwati a madadin harafin, ko kwamfuta ta aro shi daga wani samfuri ya fito bare a tsakiyar kalma. Kafin ka zaɓi samfuri, rubuta wannan da shi: Ɓarawo ya ɗauke ƙwarya, ƁARAWO YA ƊAUKE ƘWARYA. Andika da Noto Sans suna da su duka, kuma kyauta ne. Wanda zai sayar a Nijar ya duba har da ƴ. A waya, Gboard yana da allon rubutun Hausa. Mai kyan rubutun hannu ya rubuta da hannu, ya fi kowane samfuri rai.

Kada a ce a bar ƙugiyar ai za a gane. A balan-balan mai kalma huɗu ba abin da zai raba "ya kare" da "ya ƙare", ko "baki" da "baƙi".

A fara rubuta maganar, sannan a zagaye ta da balan-balan, a bar mata iska ta kowane gefe. Jelar ta nuna bakin mai magana ba tare da ta taɓa shi ba. Buga shafi ɗaya a ainihin girman A5 ka ba dattijo ya karanta. In ya matso da takardar kusa da hanci, ƙara girman rubutun. Bayan nan a ba wanda ya san ƙa'idojin rubutun Hausa ya bi kalma-kalma, musamman raba kalma da haɗe ta.

8. Shirya fayil

Fayil biyu za ka fitar. Na ɗab'i: PDF mai cikakken nauyi, ciki a baƙi da fari, bango a CMYK, wato tsarin launi huɗu na injin ɗab'i. Launin allo RGB ne, kuma shuɗi da kore masu haske suna dusashewa a takarda, don haka a buga gwajin bango ɗaya kafin a saki injin. Masu ɗab'i da yawa da CorelDRAW suke aiki. In ka ba su fayil mai rubutu a buɗe, kwamfutarsu za ta musanya samfurin haruffan, ƙugiyoyinka su tafi. A mayar da rubutun ya zama hoto ko zane kafin a miƙa.

Jera shafuka don naɗi yana da doka mai sauƙi: a littafi mai shafi 24, kowane shafi biyu da ke gefe ɗaya na takarda jimlarsu 25 ce. Shafi na 24 da na 1, a bayansu 2 da 23, sai 22 da 3, haka har 12 da 13 a tsakiya. Littafin gwajinka na mataki na 4 zai nuna maka wannan in ka warware shi.

Na waya: PDF mara nauyi. A WhatsApp a tura shi a matsayin fayil, domin in aka tura a matsayin hoto manhajar tana matse shi rubutu ya dushe. Mai son sa wa a Webtoon, manhajar karanta labaran zane a waya, sai ya sake jera akwatunan a tsaye, faɗin fiksel 800.

9. Lissafin kuɗi

Farashin takarda yana motsi da canjin dala, don haka lissafin da za ka yi da kanka ya fi kowane adadi da zan rubuta amfani. Abubuwan da ke ciki: kuɗin mai zane, kayan zane ko data, sikana, mai duba rubutu, takardar ciki mai nauyin giram 70 ko 80, katin bango mai giram 250 zuwa 300, bugun ciki, bugun bango, leda a kan bango in ana so, naɗi da fil da yanka, sai kuɗin mota.

Takarda: rim ɗaya 500 ne, kwafi ɗaya na cin shida, ke nan rim yana ba da kwafi 83. Kwafi 200 na buƙatar takarda 1,200, a sayi rim uku saboda wadda za ta lalace. Bugu iri biyu ne. Injin dijital ba ya buƙatar filet, wato farantin da ake ɗora hoton shafi a kai kafin bugu, ya dace da kwafi kaɗan. Babban injin ɗab'i sai an yi filet, launi ɗaya filet ɗaya, cikakken launi filet huɗu. Yana da tsada a farko amma kuɗin kowane kwafi yana sauka idan adadin ya yi yawa. Abin da ya sa na ce ciki ya zama baƙi da fari ke nan. A fitowar farko ka tsaya a kwafi 100 zuwa 200 a dijital.

Je wurin masu ɗab'i uku da littafin gwaji a hannu, kowa ya rubuta maka farashi a takarda, ya fayyace ko da takardarsa ce ko da taka. Tara komai, raba da adadin kwafi, ka ga nawa ɗaya ya tsaya maka. A kan wannan za ka ɗora rabon mai shago da ribarka. Kuɗin zane sau ɗaya ake biyan sa, saboda haka bugu na biyu ya fi na farko sauƙi nesa ba kusa ba.

Hattara: kada ka biya duka kafin ka ga kwafi ɗaya an naɗe an yanke. Duba jerin shafuka, duba ko wuƙa ta ci magana, sa hannu a kansa, sannan a buga saura. Ranar karɓa ka ƙirga a gabansu, ka zari biyar daga tsakiyar ɗauri ka buɗe.

10. Rajista da fitarwa

A Najeriya, lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi ta duniya, daga Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ake samun ta, kuma doka ta ce mai buga littafi ya ajiye musu kwafi uku. A nemi lambar kafin a buga bango. Haƙƙin mallaka yana tabbata da zarar an yi aikin, amma ana iya kai sanarwa ga Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya don a sami takardar shaida. A Nijar hukumar kare haƙƙin mallaka ta ƙasar, BNDA, ke wannan aiki. Mai sayarwa a Kano ya leƙa Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta jihar ya ji ƙa'idar da ake bi kafin littafin ya shiga kasuwa.

A intanet, saki shafi bakwai na farko kyauta, su tsaya daidai kan kunnuwan dorina, sauran a biya. Ka sani PDF da aka sayar wa mutum ɗaya yana iya zagaye zauruka goma kafin magariba. Rubuta sunan mai saye a kan fayil ɗinsa yana rage abin, ba ya hana shi. Saboda haka kuɗin da za a dogara da shi na kwafin takarda ne: shagunan littattafai, masu sayar da jarida, makarantu masu zaman kansu, tarukan marubuta. Duk shagon da ka bar wa littafi a kan sai an sayar a biya, rubuta adadi da rana a littafinka, mai shagon ya sa hannu.

Shafi na 24 zai yi alkawarin fitowa ta biyu. Kada ka rubuta wata ko rana a wurin sai rubutun ta biyun ya kammala kuma fensirinta ya kai aƙalla rabi. In bai kai ba, rubuta "muna tafe" kawai, ka sa hoton bangonta.